Yadda Ake Karanta Katin Adalci na Tarot

A cikin katuna 78 da ake kira tarot akwai guda ɗaya wanda ko mutumin da bai taɓa riƙe su ba zai gane inda ya dosa da kallo ɗaya: mace ce zaune a kan karaga da kambi a kanta, takobi a hannunta na dama, ma'auni a na hagu. Sunan katin Adalci. Sauƙin gane shi ne ma yake jawo masa gurguwar fahimta, domin da zarar mutum ya ga ma'auni sai ya ce ai maganar kotu ce, ya wuce. Na ga haka a wasu gajerun bidiyoyi da ke yawo a wayoyi, inda ake ɗaga katin sama a ce wa mai kallo shari'arsa za ta yi kyau ko haƙƙinsa na nan tafe, alhali wanda ya zauna ya dubi zanen da kyau zai ga cewa matar da ke ciki ba ta yi wa kowa irin wannan alkawari ba.

Gara in faɗi matsayina tun da wuri. Ban yarda takarda mai zane ta san abin da zai faru gobe ba, domin gaibu na Allah ne, kuma hukuncin duba da bokanci a addini sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malamai. Abin da zan nuna shi ne yadda ake karanta hoton, wato yadda za ka bi shi gaɓa-gaɓa har ka san abin da masu zana shi suka nufa, da abin da masu fassara suka ɗora masa daga baya, ta yadda idan ka ci karo da shi a littafi ko a fim ko a bakin wani mai cika baki, za ka iya bambance tarihi da ƙari.

Fara da sanin asalin katunan, domin wanda ya tsallake wannan mataki duk abin da aka gaya masa zai haɗiye. An ƙirƙiri tarot ne a arewacin Italiya a ƙarni na 15, kuma tsofaffin takardun da suka ambace shi na wajajen 1440 zuwa 1442 ne, a biranen Florence da Ferrara. Karta ce ta wasa a fadojin masu mulki. Ita kanta karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370 daga ƙasashen Musulmi, kuma har yau akwai katunan zamanin Mamalik na Masar a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, masu alamomi huɗu: kofi, kuɗi, takobi da sandar wasan polo. Abin da Italiyawa suka ƙara shi ne wasu katuna 22 masu hotuna, waɗanda a wasa suke cinye sauran 56, kuma Adalci ɗaya ne daga cikinsu. Sai bayan fiye da shekara ɗari uku, a 1781, wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya yi iƙirarin cewa hotunan ragowar hikimar tsohuwar Masar ce, ba tare da wata hujja ba, kuma a wancan zamani ne wani da ake kira Etteilla ya mayar da katunan sana'ar duba a birnin Paris. Saboda haka idan aka ce maka ma'anar katin Adalci ta samo asali daga Fir'aunoni, ka san cewa maganar ba ta girmi ƙarni na 18 ba.

Bayan haka sai ka dubi lambar da ke saman katin, wadda ake rubutawa da lambobin Rumawa, domin ita za ta gaya maka wane gida katin ya fito. Idan ka ga VIII, wato 8, to kana riƙe da tsarin da ake dangantawa da birnin Marseille na Faransa, wanda bugun Nicolas Conver na 1760 ya fi shahara a cikinsa. Idan kuwa XI ka gani, wato 11, to tsarin Ingila ne, wanda Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana, kamfanin Rider ya buga a Landan a 1909, kuma shi ne ya fi cika kasuwa da intanet a yau. Labarin wannan sauyi ya cancanci a tsaya a kansa. Waite ɗan wata ƙungiyar asiri ne mai suna Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888, kuma 'yan ƙungiyar sun haɗa kowane kati daga cikin 22 ɗin nan da harafin Ibrananci da kuma buruji ko tauraro. Da suka jera su sai lamba 8 ta faɗa a kan burujin Zaki, lamba 11 kuma ta faɗa a kan burujin Mizani. To a tsohon tsari katin da ke lamba 11 shi ne na Ƙarfi, mai hoton mace riƙe da bakin zaki, Adalci mai ma'auni kuma yana lamba 8, sai suka ga abin ya zo a karkace, suka musanya musu wuri domin zaki ya koma wurin zaki, ma'auni ya koma wurin ma'auni. Waite da kansa bai yi bayanin wannan a littafinsa ba, cewa kawai ya yi ya sauya su ne saboda dalilan da suka gamsar da shi.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ka ɗauki lamba a matsayin wani sirri. Tun a Italiya ma ba a taɓa haɗuwa a kan wuri ɗaya ba. Wani mai wa'azi na ƙarshen ƙarni na 15, wanda ya tsani caca har ya lissafa katunan ɗaya bayan ɗaya domin ya la'ance su, ya sa Adalci a lamba 20, sama da katin mala'ika mai busa ƙaho, ƙasa da katin Duniya kaɗai, kuma haka ake jera su a yankin Ferrara. A wasa, lambar kati ita ce ƙarfinsa, saboda haka mutanen Ferrara sun ba Adalci ikon cinye Sarki da Paparoma da Mutuwa da Rana, abin da a ganina ya fi duk wani lissafin burujai faɗin yadda mutanen wancan zamani suka ɗauki wannan ɗabi'a. Duk da haka lamba 11 tana da nata kyau, domin idan ka ware katin Wawa mai lamba sifiri, sauran 21 ne, kuma na goma sha ɗaya shi ne tsakiyarsu, goma a gabansa goma a bayansa, kamar ƙusar da sandar ma'auni take lilo a kanta.

Yanzu sai ka dawo kan hoton, kuma ka fara da fuska kafin hannuwa. Mun saba ganin matar adalci a jikin littattafan lauyoyi da ƙofofin kotuna an ɗaure mata idanu da ƙyalle, ana cewa alama ce ta rashin duban fuskar kowa. Ta tarot idanunta a buɗe suke, a tsarin Marseille da na Waite duka, kuma kai tsaye take kallon wanda ke riƙe da katin. Dalili na farko na tarihi ne: katin ya girmi ƙyallen. A 1494 aka buga wani littafin habaici na Sebastian Brant a birnin Basel, kuma a ɗaya daga zanukansa wawa ne yake ɗaure wa matar adalci idanu, wato da farko ɗaurin zagi ne, ana nuna an makantar da shari'a. Sai daga baya ma'anar ta juya ta zama yabo, kamar yadda ake gani a gunkin da Hans Gieng ya sassaƙa a kan wata maɓuɓɓugar ruwa a birnin Bern a 1543. Masu zanen katunan farko sun bi tsohuwar siffa, irin wadda Giotto ya zana a bangon wata majami'a a Padua wajajen 1305, inda adalci sarauniya ce mai gani. Wannan bambanci shi ne mabuɗin katin gaba ɗaya. Mai rufaffen ido tana cewa ba ruwanta da ko kai wane ne. Mai buɗaɗɗen ido tana cewa ta ga abin da ka yi, ta ga abin da aka yi maka, kuma duka biyun za su hau ma'auni. Wanda ya zo wurinta da ƙorafi a kan wani, shi ma yana cikin waɗanda ake kallo.

Daga fuska sai ka sauko hannun hagu. Ma'aunin mai faranti biyu ne, irin wanda duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da zinariya ko mahauci mai tsohon sikeli ya sani. Ka tuna yadda ake yi: a ɗora kaya a faranti ɗaya, a ɗora dutsen awo a ɗayan, sandar ta yi ta rawa sama da ƙasa, mai saye da mai sayarwa duka su yi shiru suna jira, ba wanda zai ce uffan sai ta tsaya cak. Idan mai awo ya cire kayan tun sandar tana motsi, ko ya bar ɗan yatsansa a gefen faranti, kowa ya san abin da ya faru ko da ba a furta ba. Wannan jiran shi ne abin da ma'aunin katin yake nufi, wato a tattara duk abin da ya shafi magana, a ɗora na kowane ɓangare, a ƙyale shi ya natsu kafin a buɗe baki. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan alama, tunda ya tashi yana jin gargaɗin Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, da umarnin a tsayar da awo da adalci kada a rage mizani, kuma tsofaffin Misirawa ma sun zana ana auna zuciyar mamaci da gashin tsuntsu na Ma'at, allahiyar gaskiya a wurinsu. Ma'auni alama ce da al'ummomi da yawa suka yi tarayya a kanta, tarot aro ya yi.

Takobin yana hannun dama, a miƙe, tsininsa sama, kuma kaifi biyu gare shi. Miƙewarsa tana nuna ba a sara ba tukuna, amma an zare shi daga kube, ba a ajiye shi don ado ba. Kaifi biyun kuwa masu fassara sun daɗe suna cewa yana yanka ta kowane gefe, wato hukuncin da zai faɗa kan wanda ake ƙara zai iya faɗawa kan mai ƙara. Ka lura da tsarin da za ka bi wajen karanta hannuwan nan biyu, domin a nan mutane suka fi kuskure: ma'auni ne farko, takobi na biye. Wanda ya fara da takobi zai ɗauki katin a matsayin ramuwa, ya ji daɗi cewa za a hukunta maƙiyinsa, alhali hukuncin da ba a yi awo kafinsa ba zalunci ne ko da ya faɗa a kan mai laifi. Haka nan wanda ya tsaya a ma'auni kaɗai, yana ta auna magana shekara da shekaru bai yanke ba, shi ma bai cika adalci ba, domin mai haƙƙi yana can yana jira. Shi ya sa aka ba ta abubuwan biyu a lokaci ɗaya.

Sauran abubuwan da ke cikin zanen Smith ba sa buƙatar dogon bayani. Matar tana sanye da jar riga mai faɗi da koren mayafi a kafaɗa, tana zaune tsakanin ginshiƙai biyu masu launin toka, an rataya labule mai launin shunayya a bayanta, kuma a gaban kambinta akwai ɗan dutse mai kusurwa huɗu. Littattafan zamani suna ba kowane launi ma'ana, ja ƙwazo, shunayya martaba, da sauransu, amma yawancin wannan fassarar marubutan baya ce, ka ɗauke ta a matsayin ra'ayi. Abu ɗaya da nake so ka nema da idonka shi ne ƙasan rigar, inda bakin farin takalmi ɗaya ya leƙo ya taka dandamali. Ƙaramin abu ne wanda sai an matso da katin kusa ake ganinsa, amma ina ganin ya yi daidai da sauran hoton, domin yana nuna mai hukuncin nan a ƙasa take, a cikin mutane, kuma abin da za ta yanke a rayuwar mutane zai sauka. Idan ka sami hoton tsofaffin katunan Visconti-Sforza, waɗanda aka zana da hannu a Milan wajajen tsakiyar ƙarni na 15, za ka ga an ƙara wani abu a saman kan matar: barde a kan farin doki da takobi a zare, kamar mai zartar da abin da ta yanke.

Yana da kyau kuma ka san danginta a cikin katunan. Masanan Girka tun daga Aflatun sun lissafa manyan ɗabi'u huɗu, wato hikimar sanin ya kamata, da jarumta, da kamewa, da adalci, kuma Kiristocin Turai sun gaji wannan lissafi suka cika bangayen majami'u da zaurukan mulki da hotunansu a siffar mata. Uku daga ciki suna cikin tarot: Adalci, Ƙarfi da Kamewa. Ta huɗun, wato hikima, ba ta cikin katuna 78 da aka saba da su, sai a wani tsari na Florence mai katuna 97. Wannan ya nuna cewa a idon wanda ya fara zana shi, katin Adalci hoton hali ne da ake so mutum ya siffantu da shi, musamman mai mulki, tunda a fada ake wasan.

Sai ka zo ga ma'anar da masu fassara suke ba shi, yanzu da kana da abin da za ka gwada maganarsu da shi. Idan katin ya fito a tsaye, Waite ya lissafa daidaito, da gaskiya, da riƙon amana, da nasarar ɓangaren da ya cancanta a shari'a. Ka kula da kalmar cancanta, domin ita ce masu bidiyo suke yar da ita a hanya. Bai ce nasarar mai tambaya ba. Marubutan da suka biyo baya sun faɗaɗa abin zuwa sakamakon aiki, wato abin da mutum ya shuka shi zai girba, da ɗaukar alhakin abin da aka aikata, da yarjejeniya da sa hannu a takarda, da yanke shawara bisa hujja maimakon son rai. Aleister Crowley, wani masanin asiri ɗan Ingila wanda Frieda Harris ta zana masa nasa katunan, ya mayar da katin lamba 8 kuma ya sauya masa suna zuwa wata kalma mai nufin daidaitawa, domin a ganinsa maganar ta wuce kotun mutane, ta shafi yadda komai yake komawa daidai bayan ya karkata.

Bari in kawo misali domin a ga yadda fassara mai kyau take bambanta da ta banza. A ce mutum biyu sun haɗa jari sun yi kasuwanci, aka yi asara, ɗaya yana ganin ɗayan ya cuce shi. Mai neman kuɗinsa zai ɗaga katin ya ce masa haƙƙinka zai fito, ya tafi yana murna, bai ƙaru da komai ba sai ƙarin gaba. Wanda ya karanta hoton yadda muka bi shi zai ga tambayoyi ne a ciki. Me aka yi alkawari tun farko, kuma an rubuta ko da baki aka yi? Me ka ɗora a farantin abokinka, kuma me ka manta ka ɗora a naka, kamar ranakun da ba ka je shago ba ko kuɗin da ka ɗiba ka ce za ka mayar? Ka ji ta bakinsa, ko kuwa ka yanke tun sandar tana rawa? Idan an gama awo ya tabbata kai ke da gaskiya, kana da ƙarfin zuciyar da za ka nemi haƙƙinka ta hanyar da ta dace, a gaban dattawa ko alƙali? Idan kuma ya tabbata akwai naka laifin, za ka yarda takobin ya taɓa ka? Waɗannan tambayoyi ba sa buƙatar kati kafin a yi su, duk dattijon kirki da aka kai wa ƙara zai yi su, kuma wannan ne ya sa nake ganin darajar hoton tana cikin tunatarwa kawai.

Idan katin ya fito a juye, kai ƙasa, masu fassara suna ba shi kishiyar ma'ana ko gurɓatacciyarta. Jerin Waite a nan ya ƙunshi rikicewar shari'a, da son kai, da tsattsauran ra'ayi, da tsanani fiye da kima. Na ƙarshen nan shi ya fi jan hankalina, domin mun fi saurin gane rashin adalci idan an saki mai laifi, ba mu cika gane shi ba idan an yi wa ƙaramin laifi babban hukunci, kamar uban da zai kori ɗa daga gida saboda kuskuren da faɗa ya isa ya gyara, ko maigidan da zai riƙe albashin wata guda saboda lattin kwana ɗaya. Juya katin da hannunka ka gani: takobin ya koma yana kallon ƙasa, faranta kuma ba abin da zai zauna a cikinsu. Ka sani dai cewa karanta kati a juye al'ada ce ta masu duba tun daga zamanin Etteilla, ba ta da wuri a wasan asali, kuma ko a cikinsu akwai waɗanda ba sa aiki da ita.

Abu na ƙarshe da za ka kiyaye shi ne kada ka rikita wannan kati da mai lamba 20 a tsarin Marseille da na Waite, wanda ake kira Hukunci, domin sunayen suna kusa kuma masu fara koyo suna yawan haɗa su. A wancan, mala'ika ne a cikin gajimare yana busa ƙaho, matattu suna tashi daga kaburbura, hoton ranar tashin alƙiyama kamar yadda Kiristocin Turai suka saba zana ta. Babu ma'auni a cikinsa, babu takobi, kuma mutanen da ke ciki ba su ne masu yanke komai ba, kira aka yi musu suka amsa. Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce ka ajiye su gefe da gefe ka dubi inda idanu suka nufa. A katin Hukunci hankalin kowa yana sama wajen ƙahon, a katin Adalci kuwa mutum ɗaya ce a cikin hoton, kuma kai take kallo.